Ƙulli Shida a Gwangwanin Madara

Shekaranjiya wasu samari biyu suka fake a bakin shagona suna jiran ruwa ya ɗauke. Na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa in ya tara abin da ya tara a okada, kemis zai buɗe. Wai sana'ar zaune ce, ga fanka ga inuwa, a miƙo maka ka miƙa ƙwaya, shi ke nan. Ban tanka ba, don ina da bakin da in na tanka sai an zo rabiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, da ɗan bokon da na tsira da shi daga aji biyu na sakandare. Wanda ya ga dama ya karanta, wanda bai ga dama ba ya je ya buɗe kemis ɗinsa.

Sunana Sani, amma in ka zo Agege, nan Ikko, ka ce Sani ba wanda zai nuna maka ni. Dakta ake ce mini. Ni ba dakta ba ne, ban taɓa cewa ni dakta ne ba, amma kuma ban taɓa hanawa ba, wannan ma ku riƙe shi, za mu dawo kansa. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakana ne ya kawo kansa fataucin goro ya ƙi komawa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina tsaye bayan kanta.

Aikin farko da Baba Saje ya ba ni, almakashi ne. Baba Saje tsohon dispensan soja ne, shi ya koya mini sana'ar, Allah Ya jiƙansa. Zai miƙo katin ƙwaya ya ce in yanka bibbiyu, kada bakin almakashi ya taɓa ɗakin ƙwayar, don in iska ta shiga ta lalace. Wata uku ina yanka kati ban taɓa yi wa mai saye magana ba. Ran da na huda maganin tsutsar ciki, bai zage ni ba. Cewa ya yi tunda na buɗe masa ƙofa, sai in shanye abina. Ban ƙara hudawa ba har yau.

Bayan almakashi sai biro. Mutanenmu da yawa ba su karanta boko, don haka zane ake yi musu. Ɗigo uku, sau uku ke nan a rana. Da'ira, da rana. Ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata, lokacin kwanciya. Sai tocila ta leƙa maƙogwaro, sai na'urar awon jini mai famfo, wadda ya bar mini gado, har yanzu ita nake amfani da ita ba irin mai batirin nan da ke faɗin abin da ta ga dama ba.

Sai naɗi. Babban kwali yakan zo da kati goma, da takarda guda ɗaya a ninke a ciki, mai ƙananan rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ba wanda ke sayen kwali guda a unguwarmu, kati ɗaya ne, kati uku ne. Takardun sai su yi ta taruwa. Baba Saje ba ya yar da su. Yana da kwalin sabulu a ƙarƙashin kanta inda yake zuba su, kowacce da kowacce a gauraye. In zai ba ka magani sai ya zaro ɗaya ya naɗe, ya ɗaure da roba. Kuma gaskiya ta fi jarida daɗin naɗi, tana da laushi, tawadarta ba ta zuba.

Wata rana na ce masa, “Baba, in wani ya karanta fa? Takardar ba ta maganin da ke ciki ba ce.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Wa zai karanta? Mutanen da in ka ba su takarda a kife suke riƙe ta? Naɗe ka ba mutum, ana jiranka.”

Na naɗe. Na ci gaba da naɗewa fiye da shekara ashirin, har bayan na buɗe nawa shagon, da nawa kwalin sabulun a ƙarƙashin kanta.

Amma babban kayan aikin mai kemis ba ya cikin waɗannan. Kunne ne. Mace in ta zo, abin da ya kawo ta take faɗa, ta karɓa ta tafi. Namiji kuwa sai ya zagaya gari. Zai sayi maganin mura alhali hancinsa a bushe yake, ya tsaya yana karanta kalandar bango har shago ya watse. Sannan ya matso ya ce, “Dakta, wani abokina ne ya aiko ni.” Duk Agege ba wanda ke da matsala, abokai ne kawai. Ba zai ce maka komai ya kwanta ba, cewa zai yi baya ya yi sanyi, ko basir ya taso, ko gida ana ƙorafi. Kai ne za ka san me ake nufi, ka amsa wa abokin, kada ka dubi idon ɗan aiken. Wanda ya fi duka haɗari shi ne mai tambaya yana dariya. Wannan ban gane shi da wuri ba.

Ina da benci a bakin shago, dogo, na katakon da masu jirgin ƙasa suka yar. Da la'asar nan ake majalisa. Gefen hagu na Mamman ne, ba wanda ke zama ko ba ya nan. Mamman mahauci ne, mutumin wajen Gumel, teburinsa na kusa da layin dogo. Ƙato ne, wuyansa kamar na bijimin da yake yankawa. Kullum in ya tashi kasuwa zai zo da gasasshen tozo a takardar siminti, ya baje a benci, ya ƙwala mini kira.

“Bayarabe! Fito ka ci abincin Hausawa, ko Hausarka ta miƙe.”

“Sarkin Pawan da ba naɗi,” in ce masa, “wanke hannunka kafin ka taɓa mini benci.”

Shekara ashirin muna haka. Shi ya ce ni Bayarabe ne don a Ikko aka haife ni, ni in ce shi baƙauye ne da har yanzu yake tsoron tsallaka titi.

Shekararsa goma sha ɗaya da aure da Rabi, ba haihuwa. Bai taɓa zama ya yi mini maganar ba. Abin da na sani shi ne, duk gidan da aka yi suna a layinmu Mamman ne ke fiɗar rago, kuma ba ya karɓar ko fata. Da sassafe zai zo da wuƙaƙensa a jakar buhu, ya feɗe, ya gyara kayan ciki, ya ware wa mai jego abin da ya dace da ita, ya tambayi sunan yaro sau biyu, ya tafi. Yaran da ya feɗe wa rago wasunsu yanzu su ne ke hawa okada suna cewa za su buɗe kemis.

Wata la'asar ya zo bai taɓa tozon ba, ya ce ƙeyarsa ke sara, yana ganin jiri. Na ɗaura masa na'ura na yi famfo, na sake yi. Na ce masa wannan ya fi ƙarfin shagona, gobe ya tafi asibiti. Ya yi gardama, na ce in bai je ba kada ya ƙara zama a bencina. Ya je. Ya dawo da takardar likita, magani biyu. Ɗaya na hawan jini, ɗaya na rage maiƙon da ke cikin jini, abin nan da suke kira kolestarol. Duk biyun ƙananan farare ne. Aka ce ya rage kitse, kuma magani ba na sati ba ne, na kullum ne.

Da majalisa ta ji, Isiya makanike ya tafa hannu. Isiya gyaran mashin yake yi, komai na duniya da inji yake auna shi.

“Wai mai za a tsiyaye maka? Mamman, kai ma ka san mashin. Ka kwance noti ka tsiyaye masa baƙin mai, ka tayar, me zai yi? Noking! Namiji da maiƙo yake aiki, wallahi. Ka sha wannan, Rabi ta samu ƙanwa a ɗaki, ku riƙa yi wa juna kitso.”

Aka bushe da dariya. Mamman ya fi kowa dariya, har yana dukan cinya. Da aka kira Magariba kowa ya tashi, shi ya tsaya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ya leƙo kanta, har yanzu da dariyar a bakinsa.

“Bayarabe, wai da gaske mahaukacin nan yake?”

Na ce, “Sha abinka. Kai da ko durom guda aka tsiyaye da saura.”

Ya sake dariya ya tafi masallaci. Gaskiyar magana ban san amsar ba. Ban taɓa buɗe takardar maganin na karanta ba. Amma mutumin da aka shekara ashirin ana kiransa Dakta, “ban sani ba” takan yi masa nauyi a baki. Sai na ba shi wasa a madadin amsa.

Ya sha. Fiye da shekara yana sha. Duk farkon wata zan haɗa masa kati uku na wannan, uku na wancan, in naɗe su wuri guda in ɗaure. Jirin ya tafi, wuyan ya sassauta, ya koma kawo mana gasasshen kifi yana tsaki, wai Bayarabe ya mai da shi Bayarabe.

Sai shekarar ruwa ta zo. Wata safiya aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shigo shago har gwiwa. Duk abin da ke layin ƙasa ya tafi, auduga, bandeji, garin gishiri da sukari na masu gudawa. Kwalaye suka zama kunu. Katunan dai sun tsira tunda a rufe suke, na wanke su ɗaya-ɗaya na goge. Takardun na shanya su a benci na danne da duwatsu, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, na tattara na zuba a sabon kwalin sabulu. Watanni ina fama, rabin kanta ba kaya, masu saye suna tsallakawa sabon shagon da aka buɗe mai gilashi da na'urar sanyi. A lokacin nan ko kallon abin da nake naɗi da shi ba na yi.

Mamman bai fasa zuwa ba. Duk farkon wata zai karɓi ƙullinsa ya jefa a aljihu. Amma tozo ya dawo benci, har da kitsen da a da yake yankewa ya yar. Na yi masa faɗa, ya ce, “Ba ina shan maganinka ba?” In na ɗauko na'ura sai ya ce hannunsa da ƙarni, ko sauri yake yi, gobe. Wata rana kuma ya ce mini, “Malam Sani, sai da safe.” Malam Sani. Ni da na ce muku kunne ne kayan aikina, na ji wannan na bar shi ya wuce. Hankalina na kan kanta.

Cikin wannan halin ne ya shigo wata hantsi, lokacin da ba ya barin tebur. Ya tsaya yana karanta kalanda har shago ya watse.

“Akwai maganin ƙarin jini na mata?”

“Na wa?”

“Na matar wani abokina.”

Na dube shi. Ƙaton nan yana ƙoƙarin rufe bakinsa ya kasa. Na ce, “Wata nawa ne cikin matar abokin naka?”

“Kai dai ba ni magani, sarkin sa ido.”

Na ce ya kai ta awo, su za su ba ta abin da ya dace. Ranar na rufe shago na bi shi har tebur, na ci tozo da hannuna, ban yi masa faɗa ba.

Bayan wata biyar ya faɗi. Da safe ne, yana tsakiyar sara wa wata mata ƙashi, wuƙa ta suɓuce, ya bi ta. Aka sa shi a danfo, bas ɗin haya, zuwa asibiti. Ya rayu, amma ɓarin dama ya tafi, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne sosai. Wata guda bayan nan Rabi ta haihu, mace, ƙatuwa kamar ubanta. Ran suna aka fito da shi aka jingina da bango a kan tabarma. Wani mahauci daban ya feɗe ragon. Mamman yana kallo, yana ɗaga hannun hagu yana nuna inda mutumin ya huda fata, ba wanda ya gane me yake cewa sai ni.

Kwana biyu da suna Rabi ta aiko a kira ni. 'Yan'uwansa sun zo daga gida, sun ce in ta yi arba'in za su tafi da su. Ta fito soro da gwangwanin madara babba.

“Dakta, ina haɗa kaya na ga wannan cikin jakar wuƙaƙensa. Na ce ko za ka duba, in bai lalace ba mu tafi da shi.”

Na buɗe. Ƙulli shida. Naɗina ne, robata ce, ba a kwance ko ɗaya ba. A ƙarƙashinsu akwai takarda guda a ninke daban, ta yi shar da maiƙon yatsu, an ja layi da jan biro a wurare uku.

Na fito haske na sa tabarau. Takardar ba ta maganinsa ba ce. Ta maganin dattawan nan ce da fitsari ke tsaye musu, mutum ɗaya tak nake sayo wa shi a duk unguwa. Inda aka ja wa layi, ɗan bokona ya isa in gane. Yana iya rage sha'awa. Yana iya rage ruwan namiji. Kada mace mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayar.

Na ce, “Rabi, don Allah zan yi miki tambayar da ba hurumina ba ce. Cikin nan, yaushe kika sani?”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “Na kai wata biyu ina zargi ban faɗa masa ba. Sai a na uku. Shekara goma sha biyu, Dakta. Tsoro nake in faɗa ya zama ba shi ba ne.”

Ƙirga ƙwaya sana'ata ce. Ƙulli shida, wata shida. Da wata ɗaya da ya yi a kwance kafin haihuwa, bakwai. Yarinyar kuwa ba bakwaini ba ce, unguwarzoma ta ce ta cika watanninta. Ko yaya ka juya lissafin, ciki ya shiga Mamman na tsakiyar shan maganinsa.

Washegari na rufe shago na tafi asibitin da Mamman yake zuwa gashin jiki. Na jira likitar da ke duba shi, wata Bayarabiya ce mai furfura, har ta gama ganin mutane. Da Yarabanci muka yi magana. Na ce mata ni mai kemis ne, ina da tambayar da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce. Maganin maiƙo yana kashe namiji?

Ba ta yi dariya ba. Ta ce maganar makanikenmu ba daga sama ta faɗo ba. Jiki da irin wannan maiƙon yake haɗa sinadarin mazakuta, don haka a wasu mazan maganin kan ɗan rage shi, amma yawanci ba har mutum ya ji a jikinsa ba. Batun iri kuwa, ta ce masana ba su gama daidaita baki ba, ba za ta rantse mini a kan abin da ba a tabbatar ba. Abin da ta sani tabbas shi ne, hanyoyin jinin da ke wajen sirara ne, in maiƙo ya fara toshe jiki sukan riga manya toshewa. Sau da yawa cutar ce ke kwantar da namiji, a ɗora wa magani laifi, har wasu ma sai sun fara sha suke jin dama. Wanda ya ga canji, ko yake neman haihuwa yana tsoro, ya dawo ya faɗa, akwai abin da za a auna, akwai sauyin da za a yi masa. Kada dai ya daina shi kaɗai a ɗaki.

Na ce, da bai daina ba da bai faɗi ba? Ta ce wannan ba wanda zai iya rantsewa. Amma wata shida ba maganin hawan jini, ba na maiƙo, ga kitse kullum, in tambaye ta me kuma?

Da na dawo na zaro takardar gaskiya daga sabon kwali na karanta daga sama har ƙasa, karo na farko a rayuwata. Awa biyu na yi. Ita ma ta ambaci raunin namiji, layi guda, can cikin abubuwan da ba a cika gani ba. Ban ɓoye muku wannan ba. Da ita Mamman ya kai aka karanta masa, wataƙila ita ma ta tsorata shi. Amma da tun ranar da ya tambaye ni na zaunar da shi na ce ban sani ba, mu je mu tambaya, da ba wajen baƙo zai kai tsoronsa ba.

Ana gobe za su tafi na same shi da hantsi a ƙofar ɗaki, an ɗora masa jaririyar a cinya, ya tare ta da hannun hagu. Na zauna na ajiye gwangwanin a gabansa. Ya dube shi ya kau da kai.

“Wa ya karanta maka?”

Maganarsa a hankali take fita, zan rubuta ta a miƙe. Ya ce wani tsohon ticha ne Bayarabe da ke sayen nama wurinsa. Maganar Isiya ce ta ƙi barinsa, shekara ta wuce yana sha ba labari a gida. Sai wata rana ya warware takardar ya kai wa tichan, ya ce ta abokinsa ce. Ticha ya karanta tsakani da Allah, ya ja masa layi, ya ce ya gaya wa abokin nasa in yana son haihuwa ya yi hattara. Ƙwayoyin duk farare ne, bai san wacce ake nufi ba, sai ya bar su duka.

“Na ɗauka ka sani,” ya ce. “Ka ɓoye mini.”

“To me ya sa ka ci gaba da karɓa?”

“In na daina za ka tambaya. In ka tambaya zan faɗa. In na faɗa mun ɓata.”

Na ce, “Mamman, takardar ba ta maganinka ba ce. Ta wani tsoho ce mai ciwon fitsari. Ni na zaro ta a kwalin sabulu na naɗe maka, ban duba ba.”

Na jera masa ƙullin shida a tabarma. Na ƙirga masa watanni da yatsu, na faɗa masa abin da Rabi ta ce. Na yi tunanin in bar shi da imaninsa cewa hannunsa ya bayar aka ba shi 'ya, ko ba komai ciniki ne da ya yarda da shi. Amma in na bar shi a haka ba zai ƙara haɗiyar ƙwayar nan ba, kuma likita ta ce faɗuwa ta biyu ba ta cika barin mutum ba.

Ya dubi yarinyar, ya dubi hannun daman da ke yashe a gefe kamar ba nasa ba.

“Ashe da ma yarinyar tana hanya,” ya ce.

“Tana hanya.”

Na jira zagi. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai rabin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

“Bayarabe,” ya ce. “Ashe mu biyun duk ba mu iya karatu ba.”

Ya tura gwangwanin da ƙafar hagu. “Kawo sabo. Da kwalinsa.”

Tun ranar na ƙona kwalin sabulu. Farar ambulan nake saye, 'yan sabon shago suna dariya wai tsoho ya waye. In namiji ya shigo da takardar maganin maiƙo yana tambaya da dariya, nakan janyo ƙofa rabi, in zaunar da shi, in faɗa masa abin da likitar nan ta faɗa mini, ba ragi ba ƙari. Inda ilimina ya tsaya in ce ya tsaya, koma ka tambayi wanda ya rubuta. Wasu sukan fita suna cewa Dakta ya fara tsufa, bai san komai ba. Su je su faɗa.

Shekara huɗu ina aika wa Mamman magani duk wata uku, kwali a rufe, ta hannun wani direban tirelar shanu da ke komawa gida ba kaya. Mukan yi waya ran Juma'a. Maganarsa ba ta fita sosai a waya, yawanci shiru muke yi, ina jin awaki da muryar yarinyar a bayansa, shi yana jin hon ɗin danfo a nawa. Kullum sai ya tambayi wa ke zama a gefen hagu. In ce gefen ya karye. Bai karye ba.

Bayan babbar Sallar da ta wuce direban ya shigo shago, ya yi sallama, ya ajiye mini ƙunshin a kan kanta yadda na ba shi. Ya ce sai haƙuri, Mamman ya kwana tara da rasuwa kafin ya isa. Rabi ta ce ba ta iya kirana ba. Ta ce a gaya mini bai tsallake shan magani ko rana ɗaya ba.

Kwalin na can layin sama, bayan na'urar Baba Saje. Jiya wani mai gadi daga Ikeja ya zo da takardar likita yana neman irinsa. Na ce babu. Ya nuna da yatsa ya ce, “Dakta, ba ga shi can ba?”

Na ce, “Na wani ne.”